Yadda WordPress yake aiki ta ciki, daga girka shi a kwamfutarka har ɗora shi a intanet

Akwai wata tambaya da nake yawan yiwa yaran da suke zuwa koyon haɗa shafin intanet a wajena, nace musu idan ka rubuta labari a WordPress ka danna Publish, ina labarin yake tafiya? Kusan kowa cewa yake ai fayil yake zama a cikin wata folda, kamar yadda kake ajiye takarda a Word. Toh ba haka bane, kuma rashin sanin wannan shine yasa mutum zai shekara biyu yana amfani da abun lafiya lau, amma ranar da ya lalace sai kaga ya zauna ya dafe kai bai san ta inda zai fara ba.

Shafin da kake gani a burauza babu shi a ajiye ko'ina, haɗa shi akeyi a daidai lokacin da ka nema. Kamar teburin mai shayi ne, ga ƙwai ga indomi ga biredi ga madara kowanne a inda yake, amma babu wani faranti da aka dafa aka ajiye yana jiranka, sai ka zauna kace a soya maka biyu da ƙwai sannan a kunna risho. WordPress ma haka, rubutunka yana wuri ɗaya, hotunanka suna wani wurin, kamannin shafin yana wani wurin daban, sai wani ya buɗe adireshin sannan a tattaro su a haɗa a miƙa masa. Irin wannan manhajar ita ake kira CMS, wato manhajar da take kula da abun da ke cikin shafi, ta barka kayi rubutu ka saka hoto ba sai ka iya kod ba.

WordPress ya fito ne a watan Mayun 2003, Matt Mullenweg ɗan Amurka da Mike Little ɗan Ingila suka fara shi. Kuma ba daga ƙasa suka faro ba, wata tsohuwar manhaja ce mai suna b2/cafelog wadda wani Bafaranshe Michel Valdrighi ya rubuta ya daina kula da ita, sai suka ɗauki kod ɗin suka ɗora daga inda ya tsaya. Babu wanda yace sunyi sata, saboda lasisin da ke kan manhajar, wanda ake cewa GPL, ya yarda kowa ya sauke ta, ya karanta kod ɗinta, ya canza, ya rabawa wasu, har ma ya sayar in yaga dama, da sharaɗin duk wanda ya bawa shima yana da wannan damar. Ma'anar buɗaɗɗiyar manhaja kenan. Ba WordPress kaɗai bane, akwai Drupal da Dries Buytaert ɗan Beljiyam ya fitar a 2001, akwai Joomla da ta ɓalle daga Mambo a 2005, sunan ma daga kalmar Swahili ce jumla, irin jumlar da muke faɗa a kasuwa. Duk tsarin aikinsu kusan ɗaya ne, in ka gane ɗaya sauran bazasu baka wahala ba. Na zaɓi WordPress ne saboda sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet a kansa suke, duk matsalar da ka faɗa wani ya riga ka faɗawa.

Kada ka rikita wordpress.org da wordpress.com. Na farkon nan ne ake sauke manhajar kyauta, na biyun kuma kasuwancin kamfanin Automattic ne, su suke riƙe maka shafin a wajensu. Mu na farkon zamu bi.

Mataki na 1: mayar da kwamfutarka sabar

Shawarata kada ka fara da biyan kuɗin hostin, wato hayar wurin da shafi zai zauna a intanet. Ka koya a laftof ɗinka tukuna, ba ruwanka da data in banda ta saukewa, in ka ɓata ka goge ka sake babu asara.

WordPress yana buƙatar abu uku kafin ya tashi. Sabar da zata karɓi buƙatar burauza, galibi Apache ko Nginx. Sai PHP, yaren da aka rubuta shi dashi. Sai rumbun bayanai, MySQL ko MariaDB. Akwai manhaja kyauta mai suna XAMPP da ta haɗa ukun a ƙunshi ɗaya, ka sauke ta ka girka kamar kowace manhaja, ka buɗe ta ka danna Start a gaban Apache da kuma gaban MySQL, in duka sunyi kore toh an gama. In Apache yaƙi tashi yawanci wata manhajar ce ta riga ta tare masa ƙofa mai lamba 80, sai ka kashe waccan ko ka canza masa lamba.

Yanzu kaje wordpress.org ka sauko da fayil ɗin zip, ka warware shi, zaka ga folda mai suna wordpress. Ka kwafe ta ka kaita cikin C:\xampp\htdocs, ka canza mata suna zuwa abun da kake so, misali shafina. Sai ka buɗe burauza ka rubuta localhost/phpmyadmin, wannan shine tagar da ake leƙa rumbun bayanai, ka danna New ka sakawa sabon rumbun suna, a gefen sunan akwai wajen zaɓen tsarin haruffa ka zaɓi utf8mb4_unicode_ci, shine zai riƙe maka ƙ da ɗ da ɓ da ajami da emoji ba tare da ya mayar dasu alamar tambaya ba. Ka barshi haka fanko, kada ka saka komai a ciki.

Sai ka rubuta localhost/shafina. Zai tambayeka sunan rumbun, ka saka wanda ka ƙirƙira yanzun nan, sunan mai amfani ka saka root, kalmar sirri ka barta babu komai don haka XAMPP yake zuwa, host ka bar localhost. Shafi na gaba zai nemi sunan shafin da sunan da zaka riƙa shiga dashi da kalmar sirrinka da imel. Dan Allah kada ka saka admin a matsayin suna, shine abun farko da masu kutse suke gwadawa. Ka danna girkawa, ko minti biyar bazai kai ba.

Wani abu da ya shafe mu mu masu fama da ɗaukewar wuta, in a desktof kake aiki ba UPS kuma NEPA suka ɗauke MySQL yana tsaka da rubutu, akwai yiwuwar gobe yaƙi tashi gaba ɗaya. Kullum ka danna Stop da hannunka kafin ka kashe kwamfuta.

Mataki na 2: leƙa cikin tukunya

Mutane da yawa daga nan sai su ruga neman riga mai kyau, wato theme, abun da yake bawa shafi kamanni. Ka dakata tukuna, minti goman da zakayi anan sunfi komai amfani.

Buɗe foldar shafina. Manyan foldoji uku ne a ciki. wp-admin itace dashbod ɗin da kake shiga kana rubutu. wp-includes itace injin kansa. Waɗannan biyun ba naka bane, kada ka taɓa su ko da wasa, duk ranar da aka sabunta WordPress za'a maye su da sababbi ne duk abun da ka rubuta a ciki ya tafi. Ta ukun wp-content itace ɗakinka, a cikinta akwai themes inda rigunan shafi suke, akwai plugins inda filogin suke, wato ƙananan manhajojin da suke ƙarawa shafi aiki, sai uploads wadda zata bayyana da zarar ka ɗora hoto na farko, kuma tana jera hotunan ne shekara-shekara wata-wata. A waje kuma akwai wani ɗan fayil wp-config.php, shi yake riƙe da sunan rumbun bayananka da kalmar sirrinsa, shine igiyar da ta ɗaure fayiloli da rumbun.

Toh koma phpMyAdmin ka danna rumbun nan da ka bari fanko. Zaka ga teburori 12 sun bayyana duk sunansu ya fara da wp_. Ka shiga dashbod ta localhost/shafina/wp-admin ka rubuta ɗan gajeren labari, ko da Sannu da zuwa ne, ka wallafa, sai ka dawo ka buɗe teburin wp_posts. Ga labarinka nan a layi ɗaya, da lambarsa, da takensa, da ranar da aka rubuta, da lambar wanda ya rubuta, da matsayinsa ko wallafaffe ne ko daftari. Nan labarin yake tafiya. Ka bincike foldar shafina kaf bazaka samu wannan rubutun ba.

Abun mamakin ma wp_posts ba labarai kaɗai yake ɗauka ba, shafuka irin su Game da mu suna nan, jerin menu yana nan, har hotuna suna da layinsu a ciki, sai dai layin bayanin hoton ne kawai, hoton kansa yana can cikin uploads. Kuma duk sanda ka gyara labari ka adana sai ya ƙara sabon layi na tsohon kwafin don ka iya komawa baya, shiyasa shafin da yake da labari ɗari biyu zaka iya tarar da dubban layuka. wp_users yana riƙe da masu shiga, kalmar sirrin a dagule take babu mai iya karanta ta ko kai mai shafin. wp_options kuma nan duk saitin yake, sunan shafi, adireshinsa, wace riga aka saka, waɗanne filogin aka kunna. Riƙe sunan wannan teburin, zamu dawo kansa.

Mataki na 3: abun da ke faruwa idan wani ya danna linkinka

Mu ɗauka shafin yana intanet, wani a Maraɗi ya danna link ɗin da ka tura a WhatsApp. Wayarsa zata fara tambayar tsarin da ake kira DNS, wanda yake kamar littafin lambobin waya, cewa wannan sunan wace kwamfuta ce ke dashi, a bata lambar IP. Sai ta aika buƙatar can. Apache ya karɓa ya duba, yaga babu wani fayil mai sunan labarin, amma akwai wani ɓoyayyen fayil .htaccess da yace masa duk abun da baka gani ba ka miƙawa index.php.

Shi index.php ɗin in ka buɗe shi layuka ne ƴan kaɗan, aikinsa kawai ya tada sauran. Za'a karanta wp-config.php a haɗu da rumbun bayanai, a ɗauko saiti daga wp_options, a loda duk filogin da aka kunna ɗaya bayan ɗaya, sannan a loda fayil ɗin functions.php na rigar da ke jikin shafin. Bayan nan WordPress ya dubi adireshin ya gane me ake nema, labari ɗaya ne ko jerin labaran wani rukuni ko bincike, ya tambayi rumbun da yaren SQL, rumbun ya miƙo masa. Sai ya nemi ƙirar da zai zuba rubutun a ciki, kuma yana da tsarin bi, in labari ne zai nemi single.php a cikin rigar, in babu ya sauka ƙasa har ya dire kan index.php na rigar, in kuma abun da aka nema babu shi kwata-kwata ya ɗauko 404.php. Sababbin riguna masu bulok da suka fara zuwa da siga ta 5.9 a 2022 fayilolinsu na HTML ne ba PHP ba, amma tsarin neman ɗaya ne. A ƙarshe abun da zai fita zuwa wayar mutumin Maraɗi HTML ne zalla, wato yaren da burauza take karantawa ta nuna shafi, daga nan wayar ta sake komowa ta karɓi hotuna da CSS da sauran tarkace.

Gwada da kanka, ka buɗe labarinka ka danna Ctrl da U, zaka ga HTML amma ko layi ɗaya na PHP bazaka gani ba, an cinye shi tun a sabar.

Duk wannan hidimar ana maimaita ta ne ga kowane baƙo. Mutum dubu suka buɗe, sau dubu za'a kunna risho. Kaga dalilin da yasa shafi mai filogin arba'in yake jan ƙafa, kowannensu sai an tashe shi a kowace buƙata ko da ba'a buƙatarsa a wannan shafin. Maganin shine kash, wato a haɗa sau ɗaya a zuba a fulas, duk wanda yazo a tsiyaya masa, filogin irin su WP Super Cache ko LiteSpeed Cache aikinsu kenan. Illarsa ɗaya, watarana zaka gyara rubutu ka duba kaga bai canza ba ka fara zargin kanka, alhali tsohon shayin fulas ake baka, sai ka share kash ɗin.

Mataki na 4: riga da filogin

Riga kamanni ce kawai, launi, haruffa, inda menu zai zauna. Tunda rubutun yana rumbu, kana iya canza riga sau goma a yini labari ko ɗaya bazai ɓata ba. Filogin kuma aiki yake ƙarawa, WooCommerce ya mayar da shafin shago, Paystack da Flutterwave suna da nasu da zasu haɗu dashi ka riƙa karɓar kuɗi da kati, Yoast SEO ya taimaka wajen yadda Google zai ga shafin. Tun siga ta 1.2 a 2004 aka shigo da filogin, riguna kuma a 1.5 a 2005.

Ta yaya filogin yake canza halin WordPress ba tare da ya taɓa injin ba? Masu rubuta injin sun kafa ƙusoshi ne a jikinsa ko'ina, kamar ƙusar bango da ake rataye kaya, duk sanda aiki yazo kan wata ƙusa sai ya tsaya ya duba ko wani ya rataye wani abu. Iri biyu ne, action yana cewa idan anzo nan yi kaza, filter kuma yana cewa miƙo min wannan abun in gyara in dawo maka dashi. Ga misali ɗan ƙarami da zaka iya sakawa a functions.php:

add_filter( 'the_content', function( $rubutu ) {
    return $rubutu . '<p>Mun gode da karantawa.</p>';
} );

Ka adana ka buɗe kowane labari, zaka ga wannan layin a ƙasansa, ka koma wp_posts kuma babu shi a ciki, a hanya aka liƙa shi. Manyan filogin ɗin nan da kake gani masu dubban layuka, asalinsu wannan dabarar ce.

Sai dai kada ka rubuta a functions.php na rigar da ka sauko da ita kai tsaye, ranar da mai ita ya fitar da sabuwa aikinka ya shafe. Ana yin ƴar riga ne, ka buɗe sabuwar folda a cikin themes, ka saka fayil style.css wanda a samansa akwai layin Theme Name da sunan da kake so da layin Template da sunan foldar uwar rigar, ka ƙara naka functions.php, ka kunna ta a dashbod. Zata gaji komai daga uwar, naka gyaran kuma yana gefe babu mai taɓa shi.

Batun rigunan kuɗi da ake rabawa kyauta a guruf-guruf na Telegram waɗanda ake cewa nulled, ni dai bana sakawa kuma bana bari yarana su saka. Ba wai maganar haƙƙi kaɗai ba, matsalar baka san me wanda ya fasa ta ya cusa a ciki ba, kuma kaga dai yadda abun yake, duk fayil ɗin PHP da ke cikin riga yana iya karanta wp-config.php ɗinka ya shiga rumbunka yayi abun da yaga dama. Kuma bazaka samu sabuntawa ba. Na cikin ma'ajiyar wordpress.org ana duba su kafin a saka, sun isheka farawa.

Mataki na 5: saitin da ake mantawa

A Settings sai General ka saita lokaci zuwa Lagos ko Niamey, in ba haka ba labarin da ka tsara ya fita ƙarfe bakwai zai fita takwas. Game da tsara lokacin ma, WordPress bashi da agogon kansa da yake gudu, sai wani baƙo ya shigo sannan yake duba ko akwai aikin da lokacinsa yayi, saboda haka sabon shafin da babu mai shiga zai iya makara.

A Permalinks ka zaɓi Post name don adireshin ya zama sunan labarin maimakon ?p=123. Anan masu rubutu da Hausa sai mun kula, in takenka yana da ƙ ko ɗ, lokacin da ka kwafi link ɗin ka tura zaka iya ganin ya koma wasu %C6%99 marasa kyan gani, gara ka gyara guntun adireshin da hannu ka saka k da d zalla, taken kuma ka barshi da ƙugiyarsa. Sannan kafin ka ƙaunaci wata riga ka rubuta ƙasa, ɗaki, ɓera, ƴaƴa ka duba a waya, haruffa da yawa basu da ƙugiyoyinmu sai kaga ƙ ɗin ta fito wata iri daban a tsakiyar kalma ko ta zama akwati. Noto Sans da Andika suna dasu.

Hotuna kuma, duk wanda ka ɗora sai WordPress ya yanka shi gida-gida, ƙarami mai 150, matsakaici mai 300, babba mai 1024, wani lokacin riga ta ƙara nata. Ka rage nauyin hoto tun kafin ka ɗora, masu karanta ka da datar ɗari biyu suke shigowa.

In ku da yawa ne a shafin kada ka bawa kowa Administrator. Editor yana iya gyarawa da wallafa rubutun kowa amma bazai taɓa filogin ba, Author nasa kawai, Contributor ya rubuta amma sai an duba an wallafa masa, Subscriber kuwa shiga kawai yake. Mai riƙe da makullin gida mutum ɗaya ko biyu ya isa.

Mataki na 6: kai shi intanet

Manhajar ce kyauta, amma suna da masauki sai ka biya. Domen shine sunan, in kana son .ng ko .com.ng hukumar NiRA ce ke kula dasu kuma ta hannun dillalan da ta amince dasu ake saya, Nijar kuma .ne ne nasu. Hostin shine hayar wuri a kwamfutar da bata mutuwa dare da rana. Yawancin kamfanonin hostin zasu baka cPanel, wato shafin da zaka riƙa sarrafa wurin da ka kama haya, a ciki akwai Softaculous da zai girka maka sabon WordPress da dannawa biyu, in daga farko zaka fara kenan. In kuma wanda ka gina a laftof zaka ɗauke, toh anan ne na taɓa shan kunya.

Wata makarantar islamiyya na yiwa shafi shekarun baya, muka cika shi da darussa da jadawalin jarabawa da hotunan sauka, sai kuɗin hostin ɗin ya kusa ƙarewa nace bari in mayar dasu wani wajen mai sauƙi. Na shiga na dunƙule foldar gaba ɗaya na sauke, na duba naga nauyinta ya kai, hankalina kwance na bari tsohon ya mutu. Da na ɗora a sabon wajen na buɗe sai ga shafin girkawa yana min maraba yana tambayata sunan shafi kamar bamu taɓa haɗuwa ba. Hotuna duk suna nan a uploads, rubutu ko harafi ɗaya babu, na bar rumbun a can. Shugaban makarantar dattijo ne, da na kira shi nace Malam a gafarce ni an samu matsala, shiru yayi sannan yace toh ɗana Allah ya kiyaye gaba, akwai dai littattafan da muka kwafo daga ciki. Sati uku nayi ina sake bugawa da hannu.

Saboda haka abu biyu ake ɗauka. A phpMyAdmin na laftof ka zaɓi rumbun ka danna Export ka samu fayil mai ƙarewa da .sql. Sai ka dunƙule foldar shafina ta zama zip. A cPanel ka buɗe File Manager ka ɗora zip ɗin a public_html ka warware, ka tabbata fayilolin suna ciki kai tsaye ba cikin wata ƙaramar folda ba. Ka ƙirƙiri sabon rumbu da sabon mai amfani da kalmar sirri mai ƙarfi, ka haɗa su ka bashi dukkan izini, wannan haɗawar ana yawan mantawa da ita. Ka buɗe phpMyAdmin na can kayi Import na fayil ɗin .sql. Sannan ka gyara wp-config.php, layukan DB_NAME da DB_USER da DB_PASSWORD su dace da sababbin, DB_HOST galibi localhost ne sai in kamfanin sun faɗa maka wani.

Saura wp_options da nace ka riƙe. A ciki akwai layi biyu siteurl da home, har yanzu suna cewa localhost/shafina, ka mayar dasu sabon adireshinka, in ba haka ba duk wanda ya buɗe za'a tura shi cikin kwamfutar kansa. Tsohon adireshin yana nan kuma a warwatse cikin labarai da saitin riga, kada ka buɗe fayil ɗin .sql da Notepad kace zaka canza su, wasu bayanan an adana su ne tare da ƙidayar haruffansu, tsawon ya canza sai su lalace, ka saka filogin Better Search Replace ya yi maka. Daga nan ka shiga Permalinks ka danna Save ko baka canza komai ba don ya sake rubuta .htaccess. Ka kunna SSL, abun da yake ɓoye bayanan da ke wucewa tsakanin baƙo da shafin, don adireshin ya zama https, Let's Encrypt kyauta suke bayarwa kuma yawancin masu hostin sun haɗa shi a cPanel. Ƙarshe ka leƙa Settings sai Reading ka tabbata akwatin nan da yake hana injinan bincike ganin shafin ba'a cike yake ba. In duk wannan yayi maka yawa Duplicator ko All-in-One WP Migration zasu yi maka a dunƙule, amma ka yi da hannu ko sau ɗaya ne.

Mataki na 7: ranar da ya lalace

Tunda kod ɗin a buɗe yake, masu gyara suna gani masu ɓarna ma suna gani, kuma da zarar an sanar da wata ɓaraka an toshe ta, masu kutse sai su bazama neman waɗanda basu sabunta ba. Tun siga ta 3.7 a 2013 WordPress yake saka ƙananan gyare-gyaren tsaro da kansa, amma yawancin ɓarakar ta filogin da riguna take shigowa. Ka riƙa sabunta su, wanda baka amfani dashi ka goge shi gaba ɗaya kada ka tsaya a kashewa. Kafin kowace babbar sabuntawa kayi bakof, wato ka ajiye kwafin shafin a gefe, UpdraftPlus yana iya tura maka rumbu da fayiloli zuwa Google Drive duk sati, kada ka ajiye bakof a sabar da shafin yake kawai.

In ka buɗe kaga Error establishing a database connection, igiyar nan ce ta tsinke, ka duba layukan wp-config.php ko kuma rumbun kamfanin ne ya faɗi. In shafin farko yana buɗewa amma kowane labari 404, .htaccess ne, kaje Permalinks ka danna Save. In fari fat ka gani ko saƙon cewa an samu babbar matsala, duba imel ɗinka tukuna, tun siga ta 5.2 WordPress yana turo link na musamman da zai shigar dakai ya nuna maka mai laifin. In saƙon bai zo ba ka shiga File Manager ka canzawa foldar plugins suna zuwa plugins-tsoho, WordPress zai neme su ya rasa, shafin ya tashi ba tare dasu ba, sai ka shiga dashbod ka buɗe shafin filogin don ya kashe su duka, ka dawo da sunan foldar yadda yake, ka riƙa kunna su ɗaya-ɗaya kana duba shafin har ka kama wanda yake kayar dashi. In kuma ba filogin bane, ka buɗe wp-config.php ka mayar da WP_DEBUG daga false zuwa true, zai rubuto maka sunan fayil ɗin da lambar layin da ya tsaya, in ka gama gyaran ka mayar dashi false kafin baƙi su gani.